Na sa wa kwamfuta sabon furosesa, yanzu tana mutuwa idan aiki ya yi nauyi

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina aikin haɗa bidiyo da kwamfutar tebur. Kwanan nan na cire furosesa Ryzen 5 3600 na sa Ryzen 9 5900X a kan madabod ɗina B450, bayan na sabunta BIOS. Na kuma ƙara RAM guda biyu a kan biyun da nake da su, kamfaninsu daban amma duk 3200 aka rubuta a jiki. Fankar furosesa ta da ce na mayar, akwatin wuta ma na da ne, wat 550, ya kai shekara 5. Katin hoto RTX 3060 ne. Idan ina rubutu ko kallo a intanet lafiya lau, amma da na fara fitar da bidiyo, minti biyar zuwa goma sai ta ɗauke ɗif ta sake kunna kanta. Wani lokacin kuma shuɗin allo take nunawa. Furosesan ne lalatacce, ko akwatin wuta zan canja?"

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka bayyana shi ne kwamfutar da take lafiya muddin ba a matsa mata ba, da an ɗora mata kaya sai ta durƙushe, kuma hakan ya fara ne bayan an canja abu biyu a lokaci ɗaya: furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da RAM, ma'ajiyar aikinta ta wucin gadi. Shawarata ta farko ita ce kada ka sayi komai tukuna. Abubuwa huɗu ne za su iya jawo wannan, wato zafi, wuta, RAM da saitin BIOS (manhajar da ke cikin madabod, babban allon da komai ke haɗe a kansa), kuma kusan dukkansu ana iya gwada su kyauta. Shi furosesan da kake zargi, shi ne na ƙarshe a jerin waɗanda nake tuhuma, domin sabon furosesa ya zo a lalace abu ne da ba a cika gani ba.

Ka fara da sanin girman canjin da ka yi. Ryzen 5 3600 ƙwaya 6 gare shi, wato sassan da ke yin lissafi a cikinsa, kuma iyakar wutar da AMD ta yarje masa ya ja daga soket wat 88 ne. Shi 5900X ƙwaya 12 ne, iyakarsa wat 142. Adadin da ake rubutawa a kwali, 65 da 105, ma'aunin zafi ne na zaɓen fanka, wutar da ake ja a zahiri ta fi haka. Lokacin da kake rubutu ko kallo, ƙwaya ɗaya ko biyu ne ke motsi, sauran suna barci, don haka babu wani sashe na kwamfutar da ya san an yi canji. Fitar da bidiyo kuwa yana tashin ƙwayoyin nan 12 gaba ɗaya, ya riƙe su a haka na tsawon mintuna, yana cika RAM yana kwashewa. A nan ne fanka da madabod da akwatin wuta, waɗanda duk aka zaɓa don ɗan ƙaramin furosesa, suke haɗuwa da nauyin da ba su taɓa ɗauka ba.

Yadda ta mutu shi ne shaidar farko

Ka ambaci mutuwa iri biyu, kuma ba lalle ne tushensu ɗaya ba. Ɗaukewa ɗif, kamar an zare waya daga bango, yawanci aikin na'urar kariya ce: ko akwatin wuta ya ga an ja fiye da ƙima ya yanke, ko madaidaicin wutar madabod ya yi zafi ya kashe kansa, ko furosesa ya kai zafin da dole ya ɗauke. Windows ba ta samun zarafin rubuta komai a irin wannan. Shuɗin allo kuwa yana nufin wuta ba ta yanke ba, Windows ce ta ga lissafi ya ɓaci ta tsayar da kanta, kuma tana barin bayani a baya. A sababbin fitowar Windows 11 allon ya koma baƙi, amma saƙon bai canja ba.

Don ka samu damar karanta saƙon, shiga System Properties, ka buɗe Advanced, ka shiga Startup and Recovery, ka cire alamar da ke kan Automatically restart. Daga nan allon zai tsaya har ka ɗauki hotonsa. Sannan buɗe Event Viewer, ƙarƙashin Windows Logs ka zaɓi System, ka nemi lokacin da ta mutu. Za ka ga Kernel-Power mai lamba 41. Mutane da yawa suna ganin kalmar nan sai su ruga sayen akwatin wuta, alhali ma'anarta kawai ita ce kwamfuta ta tashi ba tare da an kashe ta yadda ya kamata ba. Abin dubawa yana cikin bayanansa, wurin da aka rubuta BugcheckCode. Idan sifili ne, Windows ba ta ga mutuwar tana zuwa ba, wanda ke karkata zuwa wuta ko daskarewa gaba ɗaya. Idan 292 ne, wannan shi ne WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR, furosesa da kansa ne ya kai ƙarar kuskure. Idan 257 ne, CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT ke nan, wata ƙwaya ta yi shiru ta daina amsawa, abin da ya fi faruwa idan wutar da ke isa gare ta ta gaza. Saƙonni irin su MEMORY_MANAGEMENT, PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA da IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, musamman idan yau wannan gobe wancan, sun fi nuna RAM. Direba mai matsala yakan maimaita saƙo ɗaya da sunan fayil ɗaya, RAM mai kuskure kuwa duk wanda ya taka wurin da ya ɓaci shi ake kamawa.

A cikin wannan System ɗin dai ka nemi WHEA-Logger, wanda ke rubuta kurakuran kayan kwamfuta. Lamba 19 kuskure ne da aka gyara kafin ya yi ɓarna, lamba 18 wanda ya gagara ne. Idan ka ga 19 suna ta taruwa da bayanin Bus/Interconnect, a kan Ryzen wannan yakan nuna hanyar da ke haɗa ƙwayoyi da mai kula da RAM tana gudu fiye da ƙarfinta.

Mayar da BIOS yadda ya fito

Kafin kowane gwaji, goge saitin BIOS. Kashe kwamfuta, zare wayar wuta, ka haɗa fil biyun da aka rubuta wa CLR_CMOS a kan madabod da bakin sukurudireba na daƙiƙa 10, ko ka cire ɗan batirin CR2032 na mintuna kaɗan. Dalili shi ne saitin da aka yi wa tsohon furosesa yana iya zama yana nan, kuma abin da ya dace da 3600 ba lalle ya dace da 5900X ba. Bayan ta tashi, ka bar XMP a kashe, wato saitin da ke ɗaga gudun RAM, wanda ASUS ke kira DOCP, ka bar PBO (Precision Boost Overdrive, mai ɗaga iyakar wutar furosesa) a kashe ko a Auto, kada ka taɓa Curve Optimizer mai sauya bolt ɗin furosesa, kada ka kunna duk wani maɓallin da kamfanin madabod ya ce yana ƙara gudu da kansa.

Duba kuma wane BIOS ka sa. Ryzen 5000 sun fito a Nuwamban 2020, bayan B450 ta daɗe a kasuwa, kuma BIOS na farko-farko da suka ba su damar tashi a kanta na gwaji ne. Kwamfuta ta kunnu ba ya nufin BIOS ɗin ya nuna. Je shafin kamfanin madabod ɗinka, ka tabbatar 5900X yana cikin jerin furosesan da ainihin samfurinka ke ɗauka, ka sa BIOS na ƙarshe wanda ba a rubuta Beta a kansa ba. Idan kana amfani da BitLocker, makullin faifai na Windows, ajiye mabuɗin ceto a wani wuri tukuna, domin sabunta BIOS ko canja furosesa na iya sa a tambaye ka shi. Bayan haka sai ka sa sabon direban cifset daga shafin AMD.

Zafi

Sauke HWiNFO64, manhajar da ke nuna zafi da wutar kayan kwamfuta, ka buɗe shi a yanayin Sensors kawai, ka kunna rubuta bayanai zuwa fayil don abin da ya faru daƙiƙa kaɗan kafin mutuwa ya tsira. Layukan da za ka sa wa ido su ne CPU Tctl/Tdie (zafin furosesa), CPU PPT (wutar da yake ja), gudun ƙwayoyi, da zafin VRM ko MOS (madaidaicin wutar madabod) idan madabod ɗinka yana da ma'auninsa. Sannan ka kunna Cinebench, manhajar da ke ɗora wa furosesa aiki mai nauyi, na minti 10.

Fankar da ke zuwa cikin kwalin 3600, Wraith Stealth, ɗan guntun alminiyom ne da aka yi don furosesa mai wat 65. AMD ba ta sa fanka a kwalin 5900X ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya gaya maka wani abu. Idan wannan fankar ce ka mayar, zan yi mamaki idan ba ka ga digiri 90 cikin minti ɗaya ba, wanda shi ne iyakar 5900X. Sai dai a lura da abu ɗaya: furosesan zamani idan ya kai iyaka rage gudu yake yi, ba mutuwa ba. Ƙaramar fanka da ta zauna daidai takan jawo jinkiri da ƙara ne. Wadda ke jawo ɗaukewa ita ce fankar da ba ta zauna ba, inda zafi ke tashi da sauri fiye da yadda furosesa zai iya ja da baya. Alamarta a HWiNFO ita ce tsalle daga digiri 45 zuwa 90 cikin daƙiƙa biyu ko uku, gudun ƙwayoyi ya faɗi ƙasa warwas, zafin kuma ya ƙi sauka.

Idan ka cire fankar, karanta abin da man zafin da ake shafawa tsakaninta da furosesa ya rubuta. Idan ya bazu siriri ko'ina a kan murfin furosesa, zaman ya yi kyau. Idan gefe ɗaya ya yi kauri ɗaya gefen ya bushe, an ɗaure noti ɗaya har ƙarshe kafin sauran, fankar ta karkace. Idan tsohon man 3600 ka mayar ba ka goge ba, za ka gan shi ya farfashe kamar busasshen laka. Goge duka fuskokin biyu da sinadarin isofurofil da ƙyalle marar gashi, ka ɗiga sabon mai kamar ƙwayar wake a tsakiya, ka ɗaure notocin a gicciye, juyi biyu nan juyi biyu can, har su tsaya. Sabuwar fanka kuma a duba ƙasanta, akwai 'yar leda da ake mantawa ba a ɓare ba. Wajen cirewa, ka bar kwamfutar ta ɗan yi aiki man ya yi laushi, ka murɗa fankar hagu da dama kafin ka ɗaga. A soket AM4 fil ɗin a jikin furosesa suke, kuma busasshen mai yana iya fizgo shi daga soket ya lanƙwasa su.

Ko da gwaji ya nuna ba fanka ce ke kashe ta ba, wannan fankar ba ta dace da wannan furosesa ba. Kana bukatar babbar fanka mai hasumiya da bututun jan ƙarfe aƙalla 5 ko 6, ko ta ruwa mai girman milimita 240 zuwa sama.

Wutar da ke kan madabod

Wannan ne wurin da aka fi tsallakewa, kuma a irin haɗin da ka yi shi na fi zargi. Akwatin wuta bolt 12 yake bayarwa, furosesa kuwa da abin da bai wuce bolt 1.2 zuwa 1.3 ba yake aiki idan duk ƙwayoyi suna gudu. Masu sauke wutar su ne 'yan ƙananan baƙaƙen cif da dunƙulallun murabba'ai da ke jere a hagu da saman soket, ana kiran su VRM. Idan bolt ya sauka sau goma, amfiya tana hawa kusan sau goma. AMD ta ƙayyade wa furosesa irin 3600 amfiya 60 na dogon aiki, 5900X kuwa 95, kuma yana iya kaiwa 140 na ɗan lokaci. Madabod B450 ba ɗaya suke ba: akwai masu VRM mai ƙarfi da ƙarfen sanyaya a kai, akwai masu araha da cif ɗin suke tsirara. Yawancinsu za su kunna 5900X, amma ba dukkansu ne za su riƙe shi rabin awa yana aiki ba.

Lokacin da ka faɗa, minti biyar zuwa goma, ya yi daidai da wannan. Furosesa yakan kai ƙarshen zafinsa da wuri, VRM kuwa a hankali yake tara zafi yana jiƙa allon da ke kewaye da shi. Idan HWiNFO ya nuna zafinsa yana hawa bai tsaya ba har ya haura 100, ka kama ɓarawo. Idan babu ma'auni, buɗe murfin gefe ka saita fankar tebur tana hura wurin kai tsaye, ka sake fitar da bidiyon da ya saba kashe ta. Idan mutuwar ta ɓace ko ta yi nisa sosai, matsalar zafi ce a cikin gida. Wani abu da ya kamata ka sani tun yanzu: ita ƙaramar fankar nan ƙasa take hurawa, iskarta na ɗan taɓa VRM. Ranar da ka sa ta ruwa, furosesa zai yi sanyi ya ƙara jan wuta, VRM kuma ya rasa 'yar iskar da yake samu. Sai ka tanadi fanka a sama ko bayan gidan kwamfutar da za ta ja iska ta wurin.

Gwajin da na fi so a nan ba ya bukatar buɗe komai. A BIOS, ƙarƙashin AMD Overclocking ko Precision Boost Overdrive, kunna Eco Mode na wat 65, wato yanayin rage wuta, ko ka sa iyakokin da hannu: PPT 88 (wat), TDC 60 (amfiya ta dogon aiki), EDC 90 (amfiya ta ɗan lokaci). Ka mayar da sabon furosesa cikin ma'aunin wutar tsohon ke nan, wanda ka san fanka da madabod da akwatin wutarka sun ɗauka shekaru ba su yi gardama ba. Idan ta yi awa ɗaya tana fitar da bidiyo lafiya, furosesan lafiyarsa lau, matsalar tana cikin zafi ko wuta. Idan ta ci gaba da mutuwa a hakan, ka juya wajen RAM. Kuma ƙwaya 12 a wat 88 har yanzu sun fi 3600 nesa ba kusa ba, don haka za ka iya ci gaba da aikinka a haka kafin ka gama bincike.

Akwatin wuta

A lissafi wat 550 ya isa. Furosesa 142, RTX 3060 kimanin 170, madabod da RAM da faifai da fankoki a ba su 60 zuwa 70, jimilla ba ta kai 400 ba. Amma lambar da ke kan kwali ba ita ce magana ba. Duba takardar da ke manne a jikin akwatin, ka nemi layin +12V. Akwati mai kyau kusan duk ƙarfinsa yana wannan layin, wato amfiya 45 ko kusa da haka. Idan ka ga amfiya 30 ko 32, to wat 360 zuwa 384 ne gare ka a inda ake bukata, sauran an cike su ne da layin bolt 5 da 3.3 da kwamfutar zamani ba ta cika ja ba. Ga kuma shekaru: kafasitocin ciki suna bushewa da zafi, sai akwatin ya riƙa kasa jure wa fizgar wuta ta farat ɗaya duk da yana iya ɗaukar nauyi mai tafiya daidai.

Duba wayar furosesa mai fil 8 da ke saman madabod ta hagu. Zare ta ka haska cikinta. Robar da ta yi ruwan ƙasa ko fil da ya yi baƙi alama ce ta haɗin da bai kama ba, yana zafi yana zubar da bolt. Mayar da ita har ka ji ƙaramar ƙara ta maƙalewa. Idan rabi ka sa, fil 4 kawai, cika sauran. Wayar furosesa tana rabuwa 4 da 4, ta katin hoto 6 da 2, kada a musanya su. Idan akwatinka mai cire wayoyi ne, kada ka taɓa amfani da wayar wani akwatin a jikinsa ko da ta shiga, domin jerin fil ɗin ya bambanta tsakanin kamfanoni, kuma kuskuren nan yana ƙona kaya nan take.

In kana da mitar auna bolt, auna tsakanin waya rawaya da baƙa a wani bakin da ba a amfani da shi, kwamfuta tana cikin aiki mai nauyi. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa, wato 11.4 zuwa 12.6. Ƙasa da haka akwatin ya gaza. Amma karatu mai kyau ba ya wanke shi, domin faɗuwar da ke kashe kwamfuta takan zo ta wuce cikin ƙiftawar da mita ba ta gani. Manhajar OCCT tana da gwajin Power da ke matsa wa furosesa da katin hoto lokaci guda. Idan kowannensu shi kaɗai yana wucewa amma haɗuwarsu tana ɗauke wuta nan da nan, akwatin ne. Hujja mafi ƙarfi dai ita ce aron wani akwati mai kyau na wat 650 ko 750 a gwada. Idan kwamfutar tana bayan UPS, gwada ta kai tsaye a bango, domin ƙaramin UPS mai VA 650 abin da yake iya bayarwa bai kai wat 400 ba. Shi kansa akwatin wuta kada ka buɗe shi, manyan kafasitocinsa suna riƙe wutar da za ta iya kisa bayan an zare shi.

RAM huɗu daga gida biyu

Shuɗin allon da kake gani, ina kyautata zaton daga nan yake. Lambar 3200 da ke jikin RAM alkawari ne da kamfani ya yi wa sandunan da ya gwada tare ya sayar a kwali ɗaya. Sanduna biyu daga wani kamfani suna iya ɗauke da cif daban da lokutan jira daban, madabod kuma saiti ɗaya zai ɗora wa duka huɗun, yawanci wanda ya karanta daga sanda ɗaya. Ƙari a kan haka, mai kula da RAM a cikin furosesa yake, ka canja furosesa ka canja shi, kuma sanda huɗu sun fi biyu yi masa nauyi. Gudun 3200 da AMD ta lamunta na sanda biyu ne, idan aka cika ramuka huɗu abin da ta lamunta yana sauka ƙasa da haka.

Cire sababbin biyun. Bar tsofaffin a rami na biyu da na huɗu daga furosesa, waɗanda ake rubuta wa A2 da B2, XMP a kashe. Yi aikin da ke kashe ta. Idan ta wuce, kunna XMP ka maimaita. Sannan ka cire su ka gwada sababbin biyun su kaɗai a ramukan nan. Sai a ƙarshe ka haɗa huɗun, XMP a kashe tukuna. A kowane mataki MemTest86, manhajar gwajin RAM da ake tayarwa daga filashi, zai taimaka, ka bar shi ya yi zagaye 4, kuma kuskure ko ɗaya ne ya fito an faɗi. Sai dai MemTest86 ba ya dumama cikin kwamfuta yadda aikin gaske ke yi, don haka ka bi shi da gwajin RAM na OCCT ko manhajar gwaji ta Prime95 a yanayin Large FFTs na awa ɗaya ko biyu. Prime95 yana da amfani wajen rarrabewa: Small FFTs yana zama cikin furosesa, yana gwada ƙwayoyi da zafi da wuta, Large FFTs kuma yana fita zuwa RAM. Wanda ya faɗi a cikinsu ya nuna maka ɓangaren. Kada dai ka kunna Small FFTs da wannan ƙaramar fankar sai a Eco Mode.

Idan kowane biyu suna lafiya su kaɗai amma huɗun suna kuskure a 3200, babu sandar da ta lalace, jituwa ce babu. Sauke gudun zuwa 2933 ko 2666 ka bar bolt ɗin RAM a 1.35. A aikin bidiyo yawan RAM ya fi ɗan bambancin gudun nan amfani. In kana son cikakken gudu, sayar da duka ka sayi sanda biyu manya a kwali ɗaya. Za ka ga masu ba da shawarar ƙara bolt ɗin SoC, ɓangaren furosesa da mai kula da RAM yake ciki. Kusan 1.1 yana taimakawa wani lokaci, amma kada ka wuce 1.2, kuma ni ban so a fara da shi kafin a gwada sauke gudu.

Idan duk wannan bai kama ba

Manhaja tana iya zama sanadi, ko da yake a labarinka ba ta da ƙarfi. RAM mai kuskure yana iya lalata fayilolin Windows a tsawon kwanakin da aka yi ana mutuwa, don haka bayan ka daidaita kayan, buɗe Command Prompt a matsayin mai gudanarwa ka rubuta sfc /scannow. Cire duk manhajar kamfanin madabod da ke taɓa gudu ko bolt daga cikin Windows. Idan manhajar bidiyonka kaɗai ke kashe kwamfutar alhali Prime95 da OCCT suna wucewa awanni, sake sa direban katin hoto daga tushe, ka gwada fitar da bidiyon ba tare da taimakon katin ba.

Furosesan kansa ana kama shi ne bayan an wanke sauran: BIOS sabo kuma a saitin asali, sanda biyu na RAM da suka ci gwaji, zafi ƙasa da iyaka, akwatin wuta na aro mai kyau, amma har yanzu WHEA 18 yana fitowa da bayanin Cache Hierarchy Error, kuma lambar APIC, wadda ke nuna ƙwayar da ta yi kuskure, ɗaya ce ke maimaituwa. Cire shi ka duba fil ɗinsa a haske mai ƙarfi, ka karkata shi kana kallon layukan, wanda ya lanƙwashe zai fita daga sahu. Idan 3600 yana hannunka, mayar da shi. Idan tsohon ya yi aiki lafiya a kan kayan nan ba a canja komai ba, sabon kuma yana faɗuwa ko a Eco Mode, to lokacin neman canji a ƙarƙashin garanti ya yi. Mai karatu da ke da Intel na ƙarni na 13 ko 14, irin su i7 da i9, lissafinsa ya ɗan bambanta: Intel ta amsa a 2024 cewa yawan bolt yana lalata wasu daga cikinsu a hankali, ta fitar da gyara ta hanyar BIOS, ta kuma ƙara shekara 2 a garantinsu. Gyaran yana hana lalacewa ci gaba, amma ba ya warkar da wanda ya riga ya taɓu.

Daga nesa ba zan iya rantsewa a kan wanne ne naka ba, tunda ba ka faɗi samfurin madabod da na akwatin wutar ba, kuma su biyun ne suka fi bambanta daga wani zuwa wani. Hasashena shi ne matsala biyu ce ta haɗu: ɗaukewar daga zafin VRM ko gajiyar akwatin wuta, shuɗin allon daga RAM. Shi ya sa nake roƙonka ka riƙa canja abu ɗaya a kowane gwaji, ka yi amfani da bidiyo ɗaya, ka rubuta a takarda abin da ka canja da mintin da ta yi kafin ta mutu. Fara da goge BIOS, cire sababbin RAM, kunna Eco Mode. Idan ta tsaya da ƙafarta a haka, mayar da RAM ɗin ka gwada, sannan ka cire Eco Mode ka gwada. Idan ka sake rubutowa, haɗo da sunan madabod, hoton takardar jikin akwatin wuta, lambar BugcheckCode, da layukan ƙarshe na fayil ɗin HWiNFO.